Allon Gidan Baba Mai Agogo

Mutumin da ya zauna yana jiran farashin gida ya ƙara faɗuwa kafin ya saya, haƙuri yake yi, ko kuwa fatan sharri yake yi wa mai gidan ba tare da ya buɗe baki ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, har yau ban samu amsar da ta zauna daidai ba. Mutum biyu na taɓa tambaya. Dillali ya ce wayo ne. Matata ta ce tsoro ne, sannan ta ce in ɗaga ƙafata tana shara.

Sana'ata rubuta alluna. In ka bi babban titin unguwarmu, allon mai aski, na kantin magani, na mai gyaran waya, duk hannuna ne. Ban yi nisa a makaranta ba. A jikin katako na ƙware da haruffa, wajen wani dattijo da ya riƙe ni shekara shida, kuma shi ya bar min ƙa'ida guda. In ka gama rubutu, ka ajiye buroshi, ka tsallaka titi, ka ƙirga taku talatin, sannan ka waiwayo. In ka karanta ba tare da ka ƙanƙance ido ba, ka yi aiki. In ba haka ba ka koma ka sake, domin ba don kanka ka rubuta ba, don mai wucewa ne. Shekara ashirin ina yin haka, ko ana ruwan sama.

Shekarar da babbar masaƙa ta rufe, rabin unguwa ya rasa aiki. Mutane suka fara ɗaure kaya suna barin gari, gidaje suka yi yawa, masu saye suka yi ƙaranci. Ni kuwa kasuwa ta buɗe min, abin da har yanzu nake jin nauyin faɗa. Kowane lungu sai an kafa allon NA SAYARWA. Dillalin unguwar, wani gajere mai yawan dariya da ba ya rabuwa da waya biyu, ya ce in riƙa rubuta farashi a jikin allon, don masu saye sun gaji da tambaya. Duk bayan wata biyu sai ya zo rumfata da 'yar takarda. In ɗauki tsani da gwangwani, in bi gida gida, in shafe tsohuwar lamba da farin fenti, in rubuta sabuwa wadda ba ta kai ta ba.

A lokacin muna haya a hawa na uku na wani dogon bene, ɗaki biyu. Matata tela ce. Kekenta na bakin taga, kuma da ta fara taka shi sai maƙwabcinmu na ƙasa ya ɗauki sandar tsintsiya ya dinga bugun silin ɗinsa. Gwangwanayen fentina a ƙarƙashin gado suke kwana, 'ya'yanmu mata biyu kuma a kan teburin guga suke aikin makaranta. Ba ma cikin wahala, gaskiya. Muna ci, muna dariya, muna ajiye ɗan abin da ya samu. Shekara goma sha ɗaya muna wannan ajiyar, farashin gida yana gudu yana barin mu, sai ga shi a shekarar nan ya juyo yana tahowa wajenmu da kansa.

Matata ce ta fara ganin gidan. Ta kai wa wata mata labule a wani lungu mai shiru, ta hangi ƙofa shuɗiya da bishiyar lemo a gefenta, da allona a jingine. Ta yi sallama ta shiga. Ɗaki uku ne da tsakar gida, da wani ƙaramin ɗaki mai faffaɗar taga da ke kallon titi, inda mai gidan ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo. Kafin ta fito ta zaro tef daga wuyanta ta auna tagogin duka.

"Baban yara, kuɗinmu ya kai," ta ce da ni a ranar, tun ban cire takalmi ba.

"Ya kai yau. In muka ƙara wata biyu, zai kai har da ragowa."

"Wa ya faɗa maka?"

"Hannuna. Ni nake sauke lambobin nan, na san inda suka dosa."

Bayan wata biyu muka sake maganar, ba abin da ya canza sai lambar.

"Ba gaskiya na faɗa ba? Ga shi ta sauka."

"Ta sauka, sannu da ƙoƙari. To a yaushe za ta gama saukar?"

"In ta kai ƙasa."

"Ƙasan yana da ƙararrawa ne da za a kaɗa maka?" Ta gutsure zare da haƙori. "Maigida, maigida, kullum ana kiranka maigida. Ni dai ina gidan?"

Yaran suka tuntsire da dariya, ni ma na taya su. Sai dai na lura ta sayo wani yadi kore, tana ɗinka labulen da ya fi ƙarfin tagoginmu, tana ninkewa tana sawa a akwati.

Ni ban taɓa shiga gidan ba. Mai shi, wanda kowa ke kira Baba mai agogo, dogon tsoho ne siriri mai tabarau mai kauri. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, idonsa ya yi rauni har ya daina ganin cikin agogo, 'yarsa tilo kuma tana aure a wani gari mai nisa tana ta roƙonsa ya koma wajenta. Shi kuwa ya ce ba zai je wa surukinsa hannu rabbana ba, sai ya sayar da gidan ya gina ɗan ɗakinsa a can. Duk ranar da na je sauke lambarsa sai ya fito ya riƙe min gwangwani.

"Ɗana, shigo ka sha shayi."

"A'a Baba, ƙafata duk fenti ce."

"Daɓen siminti ne, ba darduma ba."

"Wata rana dai, Baba. Yau ina sauri."

Ba sauri nake ba. Na san kaina ne. In na zauna a ɗakin mutum na sha shayinsa, ba zan iya komawa gida in yi murna don gidansa ya rage daraja ba. Shi kuwa sai ya shiga ya fito min da shayin har bakin ƙofa, in sha a tsaye, yana riƙe da gwangwanin da nake rage masa dukiya da shi, yana ba ni labarin jikokinsa.

"Akwai wata tela da ta taɓa zuwa," ya ce min wata rana. "Mace mai kirki. Har tagogi ta auna. Ta ce mijinta yana tunani. Wata huɗu ke nan fa. Anya mutumin nan ba littafi yake rubutawa ba?"

Na yi dariyar yaƙe, na mai da hankali kan sifilin da nake zagayawa.

Yanzu zan faɗi abin da na yi, yadda na yi shi. Lambar farko na rubuta ta da baƙin fenti mai kauri, kamar ta kowa. A karo na biyu baƙin fentina ya kusa ƙarewa, sai na sirka shi da kananzir, na ce wa kaina tattali ne. A karo na uku na ɗauki ƙaramin buroshi da ragowar fenti mai ruwan toka, na ce ai allo ɗaya bai kai a buɗe masa sabon gwangwani ba. Na kuma matsar da allon ƙarƙashin inuwar lemon, wai don kada iska ta kayar da shi. Kowane mataki yana da dalilinsa mai kyau. Abu ɗaya ne ba shi da dalili: tun daga karo na biyu ban ƙara tsallaka titi na ƙirga taku talatin a gaban gidan nan ba. A sauran gidaje ina yi. A nan sai in tattara kayana in wuce, kaina a ƙasa.

A karo na huɗu, da hantsi, na iso da takardar dillali a aljihu, ban tarar da Baba a ƙofa ba. Yana tsallaken titi a tsaye, ya kare fuska da tafin hannu.

"Ɗana, zo nan. Na ga kana yin haka a gidan maƙwabta, shi ne yau na ce bari in gwada. Talatin ne ko?"

"Talatin ne, Baba."

"To ba na ganin komai sai fari." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. "Idon ya tafi ke nan. Na ɗauka zai kai ni in ga fuskar ƙaramin jikana. Jiya ma na ce wa 'yata ta fara tambayar likita."

Na tsaya kusa da shi na duba. Ni da nake zura zare a allurar matata in ta gaji, ban iya karanta allon ba. Wani fari-fari ne kawai a cikin inuwa, kamar an shanya tsumma. Gida biyu gaba kuwa ga wani allon, shi ma hannuna, baƙi wuluk, ana iya karanta shi daga bakin lungu.

"Na wancan gidan kuma ina ɗan ganin sa," in ji Baba a hankali. "Ka ga ido ma da son kai."

Har yau ban san ko da biyu ya faɗi haka ba.

"Ba idonka ba ne, Baba. Fentin ne."

"Kayan zamani," ya ce, ya girgiza kai.

Na cire allon na saɓa a kafaɗa na kai rumfata. Da na sa sanfefa, takardar kankare katako, ina gogewa, sai tsofaffin lambobin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, ta uku, ta biyu, ta farko, kowace ta fi ta samanta baƙi. Na goge har na ga katako. Na shafa rawaya sau biyu, na buɗe sabon gwangwanin baƙi, na rubuta NA SAYARWA da haruffa masu tsawon tafin hannu, da sabuwar lambar, da wayar dillali a ƙasa. Da la'asar na kafa shi a bakin titi, nesa da inuwa. Na tsallaka, na ƙirga talatin, na waiwayo. Ko wanda ke cikin mota a guje sai ya karanta.

"Yauwa!" Baba ya ɗaga murya daga inda yake. "Ashe da sauran idona!"

Da na koma gida na faɗa wa matata komai. Ta cire ƙafa daga kan keke, abin da ko sandar maƙwabci ba ta sa ta yi.

"Wato da ka ɓoye gidan, yanzu kuma ka yi masa shela."

"Haka ne."

"Kai dai ba ka san tsakiya ba." Ta daɗe tana kallona. "Na farkon ya ba ni kunya, baban yara. Na biyun kuma tsoro yake ba ni. Amma gara tsoron."

Kwana uku kacal, sai ga dillali a rumfata yana washe baki. Mutum biyu sun kira. Ɗayan wani mai hali ne da ke bi yana tsintar gidajen unguwa a arha yana rufewa, ya ce zai zo ranar Asabar.

Na ajiye buroshi na ce, "Ni nake son gidan."

Ya dube ni, ya fashe da dariya har yana dafa tebur. "Kai? Ashe kai ne mijin telar! Mai tunani!" Da ya gama sai ya jawo benci ya rage murya. "Saurara, abokina, don kai nawa ne. Kada ka yi gaggawa. Mutumin nan zai taya ƙasa ƙwarai, tsohon zai ƙi. Daga nan sai ya ƙara wata biyu shi kaɗai a gidan nan, 'yarsa tana damunsa a waya. Zai sauko da kansa. Kasuwa ba ta kai ƙasa ba, ni na faɗa maka."

"In kuma bai ƙi ba?"

"To sai ka nemi wani. Gidaje kamar ƙasa."

Ban ce ƙarya yake ba, don ya fi ni sanin kasuwa. Amma maganarsa ta nuna min abin da na yi wata shida ina kauce wa. Ni a zatona lamba nake jira. Lamba kuwa ba ta sauka da kanta, sai wani ya gaji. Abin da nake jira shi ne Baba ya gaji, ya kwana ya tashi a gidan da ba kowa har zuciyarsa ta karye, ni kuma in zo in tsinta. Na san ba ni na rufe masaƙa ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya sayi abu da arha. In da ban san fuskarsa ba, wataƙila da na jira hankalina kwance. To shin sanin fuskar ne ya mai da abin laifi, ko dama laifi ne fuskar ta tona shi? A nan nake maƙalewa kullum.

Ranar Juma'a da safe na ce wa matata ta shirya. Ba ta tambaye ni ina za mu ba. Ta buɗe akwati ta ɗauko koren labulen ta ƙulle a ɗankwali.

"Ki bari mana a yi ciniki tukuna."

"Kai ka yi cinikinka. Ni gwadawa zan yi."

A hanya na faɗa mata lambar da zan taya, ta biyu, wadda a kanta na fara wasa da fenti. Ita ce kusan duk abin da muka tara. Ta tsaya cak a tsakiyar titi.

"Za ka biya fiye da abin da ke jikin allo? Allon da ka rubuta da hannunka?"

"Ban san masu saye nawa na kora ba."

"Allah ya ba ni haƙurin zama da kai," ta ce, ta ci gaba da tafiya. Amma ba ta ce a'a ba.

Mun tarar da Baba yana ba lemon ruwa. Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi ƙullin da ke hannunta.

"A'a! 'Yata mai tef! Ina mai tunanin?"

"Ga shi nan, Baba. Ya gama."

Na durƙusa a bakin ƙofar na faɗa masa duka, kananzir, ƙaramin buroshi, inuwar lemo, takun da na daina ƙirgawa. Ban rage komai ba. Sannan na faɗi tayina. Ya ajiye butar, ya daɗe yana murza gemu.

"Ka sa na tsorata 'yata a banza," ya ce. "Wannan shi ya fi min ciwo."

"Ka yafe min, Baba."

"Agogon da ke ja baya kaɗan kaɗan ya fi wanda ya tsaya cutarwa, don mai shi ba ya lura. Shekara arba'in ina faɗa wa mutane." Ya nisa. "Amma ka gyara da kanka kafin a kawo min kai. Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo."

Na tashi.

"Lamba ta biyu ta yi yawa. Ko ni ba zan sayi gidan nan haka a bana ba, rufin ɗakin baya yana yoyo. Ta huɗu kuma da baƙin ciki na yarda da ita. Ta uku za ka biya."

"Baba, ai ni na ga ya kamata..."

Matata ta mintsine ni a hannu har na ji a ƙwaƙwalwa.

"Mun gode, Baba," ta ce. "Allah ya sa ka ga jikokinka da idonka."

"Amin, 'yata. Ke ya kamata a ce kina dillanci."

Farashin gidaje ya ci gaba da faɗuwa kusan shekara guda bayan nan. Ni na ci gaba da shafe lambobi, kuma na rubuta waɗanda suka fi tamu sauƙi a gidajen da suka fi namu girma. Duk sanda dillali ya kawo takarda sai ya ce, "Mai tunani, ka ga abin da na faɗa maka?" In ce na gani. Ba na jin zafin da yake so in ji. Keken matata yana bakin faffaɗar tagar nan, tana taka shi yadda ta ga dama, ba mai bugun sili. Yaran suna da teburinsu. Rufin baya ya yi yoyon kamar yadda aka faɗa, na hau na gyara. Baba yana kira lokaci lokaci ya tambayi lemonsa.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, muna tsaye a bakin ƙofa, matata ta riga ta kutsa ciki da ƙullinta, ina jin ta tana jan kujera zuwa bakin taga. Baba ya riƙe shuɗin ƙyauren a buɗe.

"Sauran maganar ba a titi za a yi ta ba. Shigo ka sha shayi."

Na dubi ƙafata. Akwai ɗigon rawaya a kan babban yatsa, da baƙi a dunduniya.

"Baba, ƙafata..."

"Daɓenka ne yanzu. In ka ɓata, kai za ka goge."

Na cire takalmi na ajiye a gindin lemon, na sunkuyar da kai, na shiga.